Sakan Huɗu a Kaset ɗin Baba

Al Muntazah, Doha
9 ga Satumba, 2025

Zuwa ga ƙanwata Haulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna, kumburin ƙafar ya sauka? Yaya damina a Funtuwa? Ni ma lafiya lau nake, ina ci, ina sha, ina zuwa aiki.

Saƙo ya iso. Mu'azu direba, da ya dawo Doha daga hutun gida, ya kawo mini shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kin naɗe kaset ɗin a ɗankwali, kin cusa a gwangwanin madara, kin bi gwangwanin da leda uku. Sai da na nemo wuƙa. Na gane rubutun Kawu Dikko a jikinsa, Allah ya ji ƙansa: Malam da gurmi, 2003.

Kin ce abin da Inna ta faɗa shi ne a kai wa yayanku ya gyara, ba ta ƙara komai ba. Ke kuma kika ƙara naki, cewa duk duniya nan ne kaɗai muryar Baba ta rage, tunda bai taɓa yarda a ɗauke shi a waya ba. Na fahimta. Ba sai kin ja layi biyu a ƙarƙashi ba, malamar makaranta.

Na ga ƙorafinki cewa ba na ɗaga waya, sai dai in yi rubutu a takarda in ɗauki hoto in turo, kamar mutumin da. Gaskiyarki. Tun rasuwar Baba, wata takwas ke nan, in na ji muryar gida ba na sanin abin da zan yi da tawa. Kada ki je ki ce wa Inna ina kuka. Da ma kukan ne. Ranar da abin ya faru wayata tana cikin aljihun tebur, na ɗauko na tarar da kira goma sha ɗaya, an riga an dawo daga maƙabarta. Na yi salla, na ci shinkafa, washegari na koma aiki. Har yau jira nake abin ya iso ni.

Kin ce in yi miki bayanin aikina da Hausar da za ki iya maimaita wa Inna, don ta gaji da ce wa mutane yana aikin kwamfuta. To ga shi. Akwai manhajojin haɗa kiɗa da gyaran sauti, irin waɗanda na yi shekara tara ina dannawa a sutudiyo a Kaduna. Yanzu ba mutum kaɗai ke sarrafa su ba. Akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da ake ba wa umarni ta yi aikin da kanta, a ofis muna ce mata wakili. Shi wannan wakili ba ya leƙen yadda na kusa da shi ke yi. Iyakar saninsa ita ce abin da masu manhaja suka rubuta a takardar bayaninsu: wannan yana yin kaza, in ka ba shi kaza zai dawo maka da kaza. Nawa shi ne in karanta takardar, in miƙa wa wakili, in sa shi aiki, in ga ko bayanin ya ishe shi. Daga nan in ba da maki, ɗaya zuwa goma.

Ƙa'idar ita ce ba na sa sanina a ciki. In takarda ta yi shiru a kan wani abu ba na cike mata, ko da na san amsar tun ina saurayi. Kunnena ma ba a buƙatarsa. Masu sauraro suna wani bene daban, ni rahoton da wakili ya rubuto nake dubawa. Shekara biyu ke nan lasifikar kwamfutata a kashe take. Ki ce wa Inna ina duba ko masu kaya sun rubuta yadda ake amfani da kayansu, kamar 'yar takardar nan ta cikin kwalin magani. In ta ce wannan ma aiki ne, ki ce ni ma na tambayi kaina.

Da Baba ne ko tambayar ba zai yi ba. Kin san abin da yake kiran sana'ata, kiɗan akwati. Ban taɓa jin ya ce ya saurari wani abu da na haɗa ba. Ni ɗan fari ne, daga shi har Inna ba wanda ya taɓa kiran sunana, sai kai, ko wannan, ko yayanku. Ban riƙe su da wannan ba, haka suka tarar ana yi. Ku da ake kira da suna har da na wasa ba za ku gane ba, ni kuma na daina lura tuntuni.

Rikodar kaset ta yi wuya a garin nan, amma Mu'azu ya ce akwai wani mai gyaran rediyo a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke da ita. Zan je ranar hutu. Ki kwantar da hankalinki, kaset ɗin yana cikin gwangwaninsa a saman firij.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida maigidan da yara. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Ghali

Al Muntazah, Doha
21 ga Satumba, 2025

Haulat,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta sauka. Ki hana ta zaman turmi, ko da yake na san ba za ta hanu ba.

Na je wurin mai rediyon jiya Asabar. Sunansa Abdul-Razak, mutumin Kumasi ne, Hausarsa ta Zango, shagonsa kuma bai fi ɗakin girkin Inna ba. Ya ɗaga kaset ɗin ya duba a haske, ya juya shi da biro, ya ce zaren ya sha damina da yawa, ya manne da juna. Ya ce in Allah ya taimaka zai wuce sau ɗaya, amma kada in sa rai da na biyu. Muka haɗa rikodarsa da kwamfutata ta igiyar waya, sauti yana wucewa kai tsaye ba tare da ya fito fili ba. Ya miƙo mini abin sawa a kunne, na ce ya bar shi. Ya dube ni, ya koma wurin wani da ya kawo fanka.

Minti arba'in da ɗaya na yi a tsaye ina kallon zanen sautin yana tafiya a allo. Wanda ya yi aikin sutudiyo yana iya karanta shi kamar rubutu. Na ga inda gurmi ya shiga, na ga inda Baba ya ja numfashi, na ga wani abu mai bugawa daidai-daidai a baya, na ce wannan taɓaryar Inna ce. Ban ji komai a raina ba sai ciwon ƙafa.

Da ya kai ƙarshe zaren ya tsinke. Abdul-Razak ya buɗe rikodar, duk cikinta baƙar ƙura. Ya ɗaga zaren a haske muka ga wurare da yawa sun koma fari tas kamar leda. Ya ce khalas, shi ke nan, kaset ya yi abin da zai yi. Saboda haka yanzu Baba yana cikin fayil guda a kwamfutata. Zan yi kwafi in ajiye a wani wuri, na rubuta a tafin hannuna don kada in manta.

Kin ce Inna ta tambaye ki sau biyu ko yayanku ya kunna. Ki ce mata ana kan aiki. Ke kuma zan gaya miki gaskiya: ban kunna ba, kuma ba na jin zan iya zama in yi ta maimaita muryarsa guntu-guntu kamar yadda gyaran hannu yake buƙata. Na yi shawarar in ba wakili. Akwai wata manhajar cire hayaniya da na duba takardarta wancan watan, na ba ta tara cikin goma, ban taɓa ba kowa sama da haka ba. Bayaninsu a tsare yake, har da misalai. Zai cire shuuu ɗin kaset da kukan kaji, ya bar wa Inna muryar mijinta fes.

Zafi ya fara sauƙi a nan, ana iya tafiya daga tashar jirgin ƙasa zuwa gida ba a jiƙe ba. Ban da wannan ba wani labari.

A gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Ghali

Al Muntazah, Doha
3 ga Oktoba, 2025

Ƙanwata Haulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, da ta Inna musamman. Ni lafiyata ƙalau. Ki zauna kafin ki karanta sauran, kuma ki karanta ke kaɗai.

Ga fayil nan na turo tare da takardar nan. Na yi gyaran, amma gyaran gangar Auzinawa na yi.

Ranar Talata da rana, lokacin da abokan aiki suka fita cin abinci, na buɗe wakili na rubuta masa umarni: a cire hayaniya, a bar muryar mai waƙa da abin kiɗansa. Na nuna masa fayil ɗin. Minti uku ya yi. Ya rubuto rahoto mai kyau, ya ce an kammala, ba a samu matsala ba. Na je in ɗauko na asali in ajiye gefe, sai na tarar fayil ɗaya ne a wurin. Sunan bai canja ba, abin ciki ne ya canja.

Bari in yi miki bayani yadda na yi wa kaina. Takardar manhajar ta ce kana iya nuna inda za a ajiye sakamako. Ba ta faɗi abin da zai faru in ba ka nuna ba. Abin da ke faruwa shi ne ta rubuta sabon a kan tsohon. Wanda ya ƙera ta ya sani, shi ya sa bai ga dalilin rubutawa ba. Wakili bai sani ba, don ba a rubuta ba. Ni kuma da aka ajiye don in kama irin wannan giɓin, ban kama ba, saboda fayilolin gwaji na ofis kullum ana mayar da su yadda suke da zarar an gama. Sau goma sha biyu na gwada manhajar nan a watan Agusta, sau goma sha biyu tana cinye na asali, ban gani ba. Na ba ta tara.

Kwafin da na ce zan yi, ban yi ba. Rubutun tafin hannun ya wanke a alwala, kullum in ce gobe. Ba ni da wani uzuri. Yaron da ya yi sati ɗaya a sutudiyo ya san ba a taɓa aiki sai an yi kwafi, ni na koya wa mutane da yawa haka. Iyakar abin da zan ce shi ne duk lokacin da na kai hannu kan fayil ɗin sai in ga na buɗe wani abu daban.

Na kai kwamfutar wurin masu kula da na'urorin ofis, sun kwana biyu da ita, sun ce babu. Na koma wurin Abdul-Razak ko za a ɗinke zaren. Ya zazzage mini shi a tafin hannu, ya ba ni shayi.

Na saurari minti ɗaya na farko a wayata, don in tabbata akwai abin da zan turo. Muryar Baba ce, ba shakka, ta fito fes. Gurmin ma yana nan, ko da yake 'yar zizar nan ta tsirkiya ta tafi, manhajar ta ɗauka datti ce. Babu kaji, babu taɓarya, babu iska. Sai ka ce an ɗauke shi daga tsakar gidanmu an kulle shi a ɗakin asibiti yana waƙa. Na kashe.

Na san ya kamata in ce miki hankalina ya tashi. Na zauna na jira ya tashi. Da yamma na sauka na sayi shawarma a wurin da na saba, na cinye duka, har na lura sun canja irin burodin. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan abin da na yi.

Abin da nake gaya wa kaina shi ne waƙoƙin duka suna nan, ba ɗaya da ta ɓata. Kaji ne da turmi suka tafi. Ki kunna wa Inna. In ta lura da wani bambanci kada ki ɗora wa na'ura, ki ce yayanku ne garin neman gira.

Ki yafe mini. Ki gaida yara.

Yayanki,
Ghali

Al Muntazah, Doha
12 ga Oktoba, 2025

Haulat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya Inna ta kwana? Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Na gode da ba ki zage ni ba, ko da yake da kin zaga da ya fi mini sauƙin karantawa.

Bari in maimaita abin da kika rubuta, ki gaya mini in na fahimta daidai. Kin kunna wa Inna a ɗakinta. Ta zauna tana jan carbi, ba ta tanka ba ko da ta ji babu kaji. Da aka kai minti na ashirin da bakwai, inda waƙa ta uku ta ƙare, ta ɗaga hannu ta tsayar da ke, ta karkata kunne. Aka wuce wurin, waƙa ta huɗu ta fara. Ta ce ki mayar baya. Kika mayar har sau uku. Daga nan ta miƙe ta ɗauki buta ta fita, alhali lokacin salla bai yi ba.

Kin ce kafin ki ba Mu'azu kaset ɗin kun saurare shi sau ɗaya ke da ita a tsohuwar rediyon Baba, kuma a wurin nan ne ta sa kika ƙure murya. Baba ya ajiye gurmi ya tashi shan ruwa a randa. Kawu Dikko ya bi shi da tambaya, a cikin yaran nan wa zai ɗauki gurmin. Baba yana can nesa da rediyo, bai san tana ci gaba da ɗauka ba, ni kuma ina makarantar kwana. Sai Baba ya kira sunana, ya ce ni ne mai kunne a gidan. Kin ce maganar can ƙasa take, tsakanin bugun taɓarya biyu, in ba an nuna wa mutum ba ba zai ji ba.

Kin ce Inna ta hana ki gaya mini, ta ce a bari ya ji da kansa. Ashe shekara ashirin da biyu saboda wannan take ajiye da kaset ɗin. Ashe ba gyara take so ba. Ba za ta iya buɗe baki ta ce a gaya wa wane ubansa ya kira sunansa ba, don ita ma ba ta kiran sunan. Sai ta ce a kai masa ya gyara, ta san mai gyaran sauti dole ya saurara. Wa zai gaya mata akwai mai gyaran da ba ya sauraro? Ta tambaya sau biyu ko na kunna, na ce ana kan aiki.

Ba na ganin laifinki, kada ki ƙara rubuta cewa da kin sani da kin faɗa. An ce ki yi shiru kika yi. Ni aka miƙa wa abu a hannu, kwana ashirin da biyar yana wurina.

Ranar Alhamis na buɗe fayil ɗin a ofis na je minti na ashirin da bakwai. Umarnina ya ce a bar mai waƙa da abin kiɗansa, mutumin da ke magana a bakin randa kuwa ba waƙa yake ba. Wakili ya yi abin da aka ce. A allo wurin layi ne miƙaƙƙe, sakan huɗu. Na kunna lasifikar da na kashe shekara biyu, na ƙure ta. Abokin aikin da ke kusa da ni ya cire abin kunnensa ya tambaya ko na'urar ta lalace, na ce a'a, lafiyarta lau. Na saurari wurin ya fi sau ashirin. Manhajar ta iya aikinta, ko ɗigon shuuu babu.

Na sake rubuta rahotona, na mayar da tara zuwa uku. Na ce takardar ba ta faɗi cewa ana rubutawa a kan fayil na asali ba, kuma ba ta faɗi abin da take nufi da hayaniya ba. Na ce su rubuta ƙarara cewa maganar mutum in ta yi nisa ana share ta. Shugabar sashenmu ta ce kamu ne mai kyau, ta tambayi yadda aka yi na gano. Na ce a gwaji.

Ban yi kuka ba har yanzu, kada ki sa rai. Amma jiya a jirgin ƙasa na wuce tashata har biyu, ina ta gwada sunan a raina da muryarsa, ya ƙi zama. Na san yadda yake cewa Haulat, na san yadda yake kiran awaki. Nawa ba ni da inda zan ɗauko shi.

Saboda haka ga roƙona. Kada ki matsa wa Inna, ki dai ce mata saƙo ya iso. Ke kika ji, ke za ki rubuto mini. Kada ki kwaikwaya a waya, muryarki zan riƙa ji daga baya. Ki zauna da biro ki rubuta dalla-dalla. Da sunan ya fara ko da shi ya rufe? Ya ja ƙarshensa ko ya datse? Kafin ya sha ruwan ne ko bayan ya sha? Akwai dariya a ciki, ko faɗa kawai ya yi kamar mai faɗin ranar kasuwa? Kawu ya amsa? Duk abin da kike ganin bai kai a rubuta ba, shi nake nema. Kada ki tsallake komai ki ce ai ya sani. Ban sani ba.

Ki gaida Inna. Ki gaida maigidan da yara. Allah ya ji ƙan Baba, ya kyautata namu zuwan.

Ni ne yayanki,
Ghali